Ɓeran Jirgi

Manama, Bahrain
9 ga Fabrairu, 1993

Zuwa ga yayata, Manang Paring,

Ina gaishe ki gaisuwar ƙanin da ya daɗe da ɓata, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da mijinki Santing da duk wanda ya rage a unguwa. Ni lafiyata ƙalau, in ban da bayan nan da ke tuna mini na haura arba'in da biyar duk lokacin da na sunkuya.

Kada ki yi ta juya ambulan kina neman suna. Doloy ne, jikan kaka Sion, ƙanwar kakarki. Wanda ya zauna a bayanki shekara bakwai yana dukan ganga a gidan rawa na Marikit, ke kina waƙa, Santing yana jita, Ambo yana riƙe da babbar jitar nan mai kaurin murya. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar garinmu Olongapo ce ta ba ni adireshinki. Ta ce tokar dutsen nan mai aman wuta ta binne rabin gari kusan shekara biyu da suka wuce, kuma Amurkawa sun kwashe jiragensu na yaƙi sun tafi. Ta ce titin Magsaysay ya zama kango. Na kasa yarda. Titin da in ka tsaya a tsakiyarsa kake jin ƙungiya goma suna kiɗa lokaci guda?

Ga dalilin rubutowata. Ina kwashe kaya daga tsohon akwatina na ci karo da kaset. Kin tuna dogon sojan ruwan nan mai jan gashi da ya ajiye rikoda a kan teburi a shekarar 77, ya ce zai kai kiɗanmu garinsu? To, ya ba ni guda, na manta da shi. Na saka, Manang, sai da na zauna a ƙasa. Akwai waƙar nan da nake buɗewa ni kaɗai da ganga, sojoji su hau buga kwalabe. Akwai mai sanyin nan da ke sa ƙattin maza su kifa kai a teburi suna tuna matansu. Har da wadda kika shekara uku kina faɗin kalma ɗaya ba daidai ba, sai da wani mai dafa abincin jirgi ya raɗa miki ma'anar abin da kike faɗa, kika kwana biyu ba ki fito ba. Muna koyon waƙoƙin daga faifan da sojoji ke ara mana, ke ki rubuta kalmomin yadda kunnenki ya ji, Santing ya saurara sau biyu kawai ya fitar da ita kamar shi ya ƙirƙira. Na yi miki kwafi, ga shi a cikin ambulan.

Ban manta abin da na yi ba. Saura kwana uku mu tafi Manila a ɗauki faifanmu na farko, na hau jirgin ruwa na tafi, na bar guntuwar takarda a ƙarƙashin ganga. Na ji mai gangar da kuka ɗauka ya ɓata komai, kamfanin ya sallame ku. Na ji Santing ya sa mini suna Ɓeran Jirgi, kuma ba ya kiran sunana sai ya tofar da yawu. Shekara goma sha biyar ke nan. Ki gaya mini gaskiya: har yanzu yana zagina?

Naki,
Doloy

*

Olongapo
14 ga Maris, 1993

Doloy,

Na karɓi takardarka da kaset. Ina amsa gaisuwa. Muna nan da rai, mun gode Allah. Ƙafafuna suna kumbura in na daɗe a tsaye, ba wani abu ba ne.

Ban juya ambulan ba. Rubutunka har yanzu kamar kaza ta taka tawada.

Abin da yarinyar ta gaya maka gaskiya ne. Marikit babu shi. Sauran gidajen an buga musu katako, allunan suna nan a rataye ba wuta. Matan da suka yi aiki a ciki wasu sun koma ƙauye, wasu sun tafi Manila, wasu suna zaune a bakin titi da 'ya'ya masu jan gashi suna jiran jirgin da ba zai dawo ba. Ni ina wanki da guga, da yamma in soya ayaba a ƙofar gida. Ambo yana nan, yana tari tun lokacin toka. Na gaya masa ka rubuto, ya ce, "Ashe kifi bai cinye shi ba?" Ya yi dariya har tarin ya sarƙe shi.

Ka tambayi Santing. Ya daina shan giya, ko ɗigo. Kullum yana gida, ba ya fita yawo, ba ya musu da ni. Kuma a'a, ba ya zaginka yanzu. Na zauna kusa da shi na karanta masa takardarka tun daga sama har ƙasa, bai ce komai ba. Na saka masa kaset ɗin. Da aka zo wurin da yake kaɗa jita shi kaɗai, ya yi hawaye.

Ni ban saurara har ƙarshe ba. Yarinyar da ke waƙa a ciki tana da ƙarfin hali da yawa, ta ba ni haushi.

Mai dafa abincin nan ba raɗa mini ya yi ba, da ƙarfi ya faɗa a gaban kowa, kuma kai ka fi kowa dariya. Kada ka gyara labari.

Ka ci gaba da rubutowa in ka samu hali. Ka ba ni labarin da, yadda ka tuna shi. Ina son karantawa.

Yayarka da kake kira Paring,
Amparo

*

Manama
6 ga Afrilu, 1993

Manang Paring,

Gaisuwa mai yawa. Ki riƙa ɗora ƙafafun nan a kan matashi, haka matan Indiya da ke aiki a otal ɗinmu ke yi. Ki ce wa Ambo kifin ya ɗanɗana ni ya tofar.

Na karanta takardarki sau shida. Santing ya daina sha! Mutumin da ke ajiye kwalba a bayan lasifika? Kuma ya ji sunana bai zage ni ba. Na san shi, Manang. Ba zai taɓa buɗe baki ya ce na yafe ba, shirun nan shi ne yafiyarsa. Da na kai wurin da kika ce ya yi hawaye, na fita bayan kicin na yi nawa kukan, har wani mai wanke-wanke ya tambaye ni ko mutuwa aka yi mini.

Yanzu ki zauna da kyau ki ji. Na saka wa manajanmu kaset ɗin. Tsoho ne, ya yi ƙuruciyarsa da waɗannan waƙoƙin. Ya rufe ido, da aka zo wurin jitar Santing ya ce, "Wane ne wannan? Yana raye?" Na ce yana raye, ya ma daina sha. Otal ɗin zai buɗe sabon zaure a watan Oktoba, kuma baƙinsu masu furfura ne, injiniyoyin mai da matuƙa jirgi, ba abin da suke so sai waƙoƙin da. Yana neman ƙungiya ta wata shida. Ɗaki, abinci, tikiti, duk nasu.

Ban jira ba. Na ba shi sunayenku uku, na sa hannu a madadinmu, ya fasa ɗauko wasu yara daga Cebu. Na san na yi gaggawa, amma wace irin dama ce za ta sake zuwa mana a shekarun nan namu? Kwantiragina ma zai ƙare a Satumba, ya ce in ƙungiyar ta zo zai sabunta.

Ku je Manila ku yi fasfo. Ga adireshin ofishin da zai shirya takardu. Ki ce wa Santing ya sa sabbin tsirkiyoyi, ya fara motsa yatsu. Ki ce masa wannan karon ni zan riga kowa hawa dandamali, kuma in ya ga dama ya kira ni Ɓeran Jirgi a lasifika, zan tashi in rusuna.

Za mu buɗe da wadda nake farawa da ganga. Na riga na ji ta a kunnena.

Ƙaninki,
Doloy

*

Manama
11 ga Yuli, 1993

Manang,

Ina gaisuwa, ina fatan lafiya ce ta hana ki rubutu ba akasinta ba.

Wata uku ke nan. Na aiko takarda ta biyu a Mayu, ban san ko ta iso ba. Na buga waya ofishin Manila, suka ce ba wanda ya zo. Manaja yana tare ni a hanya kullum yana cewa, "Ina mai jitarka?" Ina ce masa gidan waya ne, ƙasarmu sai a hankali.

Na yi ta tunani. Idan Santing ne ya ce ba zai hau dandamali da ni ba, ki faɗa mini kai tsaye, zan iya ɗauka. Ki ce masa ba sai ya yi mini magana ba. Ya juya mini baya wata shidan, dama bayansa nake gani in muna kiɗa. Ko kuwa na karanta takardarki ba daidai ba, shirun nasa ba yafiya ba ce, raini ne? In haka ne ma, ya zo ya raina ni a nan yana cin abinci sau uku a rana.

An ba ni zuwa ƙarshen Agusta. Don Allah layi biyu kawai.

Doloy

*

Olongapo
2 ga Agusta, 1993

Doloy,

Takardunka uku duk sun iso. Ba gidan waya ba ne, ni ce. Lafiyata da sauƙi. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba.

Ranar da dutsen ya fashe Asabar ce. Da tsakar rana gari ya yi duhu, toka tana zuba, ga guguwa da ruwan sama, tokar ta jiƙe ta yi nauyi kamar siminti. Muna jin rufin gidaje suna karyewa ɗaya bayan ɗaya. Santing ya ce jitarsa tana Marikit. Na riƙe masa riga na ce, "Katako ne da waya, ka bar ta." Ya ce, "Katakon nan ne ya ciyar da ke shekara ashirin." Ya ɗora tukunya a ka ya fita. Ya shiga, ya ɗauko ta, yana kan hanyar fitowa rufin ya sauko. Ambo ne ya tono shi da hannu. Jitar ko ƙwarzane ba ta yi ba, don ya kwanta a kanta.

Ƙarfen rufin ya same shi a kai. Ɓarin jikinsa na dama ya mutu. Ba ya tafiya. Ba ya magana, sai wani sauti guda ɗaya da yake yi in yana jin yunwa ko ciwo, kuma ni kaɗai ke bambance su. Ni nake masa wanka, ni nake ba shi abinci da cokali, ni nake share shi. Shekara biyu da wata biyu.

Ka koma ka karanta takardata ta farko. Ban yi maka ƙarya ko ɗaya ba, kuma duk ƙarya ce. Ya daina sha don ba ya iya ɗaga kofi. Ba ya musu, ba ya zaginka, don ba ya iya kiran ko sunana.

Hawayen kuma ba irin wanda ka zata ba ne. Na saka masa kaset ɗin ina tsammanin zai farkar da wani abu. Da jitarsa ta shigo, sai ya ɗaga hannun hagu ya fara dukan na daman, wanda ya mutu. Yana duka yana wannan sautin, hawaye yana zuba. Kafin in kai ga rikodar ya farfasa fatar hannun. Kwana uku ya rufe baki ya ƙi abinci. Kaset ɗin yana gidan Ambo, na ce kada ya dawo da shi.

Za ka ce me ya sa ban faɗa ba tun farko. Na yi niyya. Na ɗauki biro, sai na sake duba takardarka. Kowa a garin nan in ya ce Santing, mutumin da ke kan kujera yawu yana zuba yake nufi. Kai kaɗai ka rage a duniya da in ka ce Santing, kana nufin wancan, mai baƙar riga, mai bakin tsiya, wanda mata ke jefa wa fure ni ina harararsu. Ina gama shanya wanki in zauna in karanta, sai in ga mijina a tsaye. Na so ka ci gaba da rubuto mini shi. Ban san za ka je ka sa hannu a takarda ba. Da na ga abin da ka yi, kunya ta hana ni rubutu, kullum in ce gobe.

Ambo ba ya iya hawa matakala uku bai tsaya ba. Ni kuma muryata ta sauka, hayaƙin murhu ya cinye samanta, kuma ko tana nan ba zan bar shi ba. Babu ƙungiya, Doloy. Ka gaya wa manajanka. Ka ce masa yayarka ce ta yaudare ka, ko Allah zai sa ya tausaya.

Amparo

*

Manama
5 ga Satumba, 1993

Manang Paring,

Ina gaisuwa. Lafiya ba laifi. Ban san yadda ake tambayar lafiyar Santing ba yanzu, amma ina tambaya.

Na rubuta miki takarda huɗu na yayyaga, don abin da ke ciki bai kamata ƙani ya faɗa wa yayarsa ba. Ga abin da ya rage bayan na huce. Shekara goma sha biyar ina jiran kalma ɗaya daga bakin mutumin nan. Kika miƙo mini ita, na rungume, na yi kuka a bayan kicin, na kunna kyandir a coci, ashe ba tasa ba ce. Yanzu kuma ba zan taɓa samu ba. Da kin bar ni da zaginsa, ya fi mini.

Na gaya wa manaja. Bai yi faɗa ba, ya ce Allah ya ba shi lafiya, ya ɗauki waya ya kira yaran Cebu a gabana. Ba za a sabunta kwantiragina ba. Zan sauka Manila ƙarshen wata.

Tunda ranar faɗin gaskiya ce, ga tawa. Rabona da taɓa ganga shekara tara. A ɗakin cin abinci nake zama bayan wata na'ura, in danna maɓalli ta fitar da kiɗan da kanta, ni in riƙa gyaɗa kai mutane suna tauna nama. Ba wanda ke ɗago ido. Da na ce na riga na ji waƙar a kunnena, ban san ko hannuwana za su iya ba. Na zaci in kuna gabana za su tuna.

Zan zo in gan shi. Ban san yaushe ba.

Doloy

*

Lingayen
10 ga Disamba, 1993

Manang,

Ina gaisuwa, in za ki amsa. Ina gidan ƙanwata, lafiyata ƙalau, abin da ya fi ba ni kunya ke nan.

Kin tafi kasuwa ranar Talata kin bar ni da shi, kin dawo ba ki same ni ba. Dole in gaya miki abin da ya faru.

Kwana ukun farko a gidanku na daure don kina nan. Kina ba shi kunun shinkafa kina masa hira kamar yana amsawa, ni ina kallon bango. Da kika fita, gidan ya yi shiru. Na jawo kujera gabansa na durƙusa. Na ce, "Manong Santing, yayana, ni ne Ɓeran Jirgi. Na cuce ka. Tsoro na ji a lokacin, na ga in faifan ya fito kowa zai ji ni ne mai rauni a cikinku." Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba. Yana kallon wani wuri a saman kafaɗata. Ban san ko ya ji ba.

Na rasa abin yi, sai na ga yatsuna sun fara buga hannun kujerarsa. Ba da niyya ba, wallahi, na san abin da kika ce game da kaset. Mai sanyin nan ce, a hankali. Sai hannunsa na hagu ya cafke wuyan hannuna. Manang, ƙarfin yana nan, hannun da ke danna tsirkiya ne. Ya matse har na ji ƙashina. Kuma ya dube ni, ni ɗin, cikin ido. Na ce, "In bari?" Shiru. Na ce, "In ci gaba?" Shiru. Ya fara wannan sautin. Kin ce kina bambance na yunwa da na ciwo. Ni ban san ko cewa yake na gane ka, ko cewa yake fita daga gidana ba.

Sai na ga fitsari yana bin ƙafar kujera. Shi ma ya gani. Ya rufe ido, amma bai sake ni ba. Na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Na ce zan ɗebo ruwa. Na fita tsakar gida, na ga bokiti, na wuce shi, na wuce ƙofa, ban tsaya ba sai a tashar mota. Jakata ma tana nan ƙarƙashin gadonku.

Ba ni da hujja. Na bar mutumin da ba ya iya tashi shi kaɗai a jiƙe. Ba na neman ki yafe. Ina so dai ki san ba wani abu kika yi ba.

Doloy

*

Olongapo
23 ga Janairu, 1994

Doloy,

Na amsa gaisuwarka. Ƙafafuna suna nan yadda ka gan su. Santing ya yi mura lokacin Kirsimeti, ya warke.

A ƙasa na same shi ranar, kusa da ƙofa, girarsa ta fashe. Daga kujera zuwa nan taku huɗu ne, kuma rabonsa da matsawa ko taku ɗaya shi kaɗai tun ranar toka. Ko bin ka ya yi ya dawo da kai, ko bin ka ya yi ya shaƙe ka, ko zamewa kawai ya yi, ban sani ba. Ka ce ina bambance sautinsa. Yunwa da ciwo nake bambancewa. Sauran ni ma zato nake, shekara biyu da rabi ina zato. An yi masa ɗinki uku.

Na zage ka a ranar, zagin da shi ma bai taɓa yi maka ba. Wancan karon ka bar takarda, wannan karon ko ita babu. Amma da na gama goge ƙasa na zauna, sai na ga ba mamaki nake ba. Sau nawa na ɗauki bokitin nan na tsaya ina kallon ƙofa? Bambancina da kai, ni ba ni da ƙanwa a Lingayen.

Ambo ya rasu ran huɗu ga wata. Ƙirjin ne. Matarsa ta zo ta ce ya bar wasiyya kada a raka shi da waƙar coci kaɗai, a yi masa abin da ya kaɗa duk rayuwarsa. Na ce muryata ta mutu. Ta ce, "Shi ma ya mutu, Manang, ba zai yi ƙorafi ba." Na bar Santing da maƙwabciya, na bi bayan motar gawa ina waƙa, wani tsoho da ya yi aiki a gidan rawan da ke kallon namu yana busa ƙaho. Muka bi ta titin Magsaysay. Matan nan da ke zaune a bakin titi suka tashi suka biyo mu. Sun san kowace kalma. Waƙoƙin da suka yi rawa da su da sojoji a kan dogayen takalma, yanzu suna rerawa da silifa, suna kuka, wasu ba su ma san wanda ke cikin akwatin ba.

Tun daga ranar an kira ni sau biyar. Mutanenmu suna mutuwa da yawa a bana, kuma duk abu ɗaya suke so a raka su da shi. Mai gidan shirya gawa ya ce zai riƙa kirana duk mako. Muryar da ta rage mini ta isa wannan aikin. Amma ni da mai ƙaho muna rabuwa a hanya, shi ya yi gaba ni in yi baya, masu tafiya su rikice. Akwai wata ƙaramar ganga ta 'yan fareti a gidan, ba mai bugawa.

Ba yafiya nake ba ka ba, ba a hannuna take ba. Aiki ne. Sharaɗinsa ɗaya: kowace safiya kai za ka ɗaga shi ka kai shi wanka, don bayana ya kusa ƙarewa. In ya jiƙe, kai za ka share. In ya kama hannunka, ka tsaya har ya saki da kansa. In ka san ba za ka iya ba, kada ka zo, ka aiko a karɓar maka jaka.

Asabar ta sama akwai rakiyar gawa biyu, ɗaya da safe ɗaya da yamma. Ta yamman Luding ce, mai karɓar tikiti a ƙofar Marikit, wadda ke ɓoye maka soyayyen kifi.

Amparo

*

Lingayen
28 ga Janairu, 1994

Manang Paring,

Ina gaisuwa, ke da shi. Allah ya ji ƙan Ambo da Luding.

Zan shigo motar Juma'a ta farko. Ban yi alkawarin na iya ba, na yi alkawarin zan zo. Ki bar mini sabulu da tawul inda zan gani, ki nuna mini sau ɗaya yadda kike riƙe shi ta ɓarin da ya mutu.

Ki gaya wa mai ƙaho hannuna ya yi nauyi, ba zan iya sauri ba. Ya bi ni a hankali. Ai ba mai gaggawar isa inda za mu.

Doloy